Hajiya Meyo da Canisancinta

Duk wanda ya taɓa shiga lif ɗin ginin kasuwar Tianxiu tare da Gwaggo Tasalla ya san ba a hawa a shiru. Da ƙofa ta rufe za ta juya ta dubi mutanen ciki ɗaya bayan ɗaya, 'yan Caina ne ko Larabawa ko 'yan Mali, ta yi musu sannu da yaren garin, ta ce, "Ni hawu. Ya gida? Ya yara? Ya ruwan nan naku da ba ya ɗaukewa?" Ba mai amsawa. Sai ta amsa wa kanta, "Lafiya lau, madalla," ta gyara mayafi. Ni kuwa ina bayanta ina kallon lambobin bene, ina fatan ƙasa ta tsage.

Ni Bilkisu ce, 'yar ƙaninta. Ita ta kawo ni Guangzhou in koyi saro jakunkunan mata, sana'ar da ta daɗe tana yi tsakanin nan da Kano. Yawancinku da Hajiya Meyo kuka san ta, wasu ma ba su taɓa jin sunanta na yanka ba sai ranar da aka yi sanarwar rasuwarta.

Ita da bakinta take ba da labarin yadda sunan ya samo asali. Zuwanta na farko, ta taho da wata jaka daga Kano tana neman irinta. Ta shiga shagon farko ta nuna, mai shago ya ce "meyo," ya kaɗa hannu. Ta ɗauka gaba yake nuna mata. Ta yi gaba, nan ma "meyo." Sai ta ce a ranta, lalle akwai wani babban attajiri a kasuwar nan mai suna Meyo, duk abin da ƙananan 'yan kasuwa suka rasa wajensa ake turawa. Ta mayar da jakar cikin leda, ta koma tambayar shagonsa. Duk wanda ta tara ta ce "Meyo?" sai ya ɗaga mata kai ya ce, "Meyo, meyo." Ta hau bene ta sauko, ta tsallaka gada ta dawo, tana cewa ai kowa ya san mutumin, rowar kwatance ce kawai irin tasu.

Sai wajen la'asar ta ci karo da Malam Ilu, mutumin Maraɗi mai ofishin aika kaya, wannan dattijon da ba ya rasa sahun gaba a Masallacin Huaisheng. Ta ce, "Malam, don Allah ina shagon Meyo?"

Ya ce, "Hajiya, wane Meyo?"

"Wanda kowa ke tura ni wajensa."

"Hajiya, meyo ai babu ke nan. Cewa suke ba su da shi."

Ta ce sai da ta nemi wuri ta zauna. "Wato tun safe Babu nake nema?"

"Shi kike nema."

"To ai na same shi."

Wani da haka ta faru da shi, da ya rufe bakinsa ruf ya nemi tafinta. Gwaggo kuwa daga ranar ta yanke hukuncin cewa ta iya yaren, Canisanci kamar yadda take kiransa. Kalmominta ba su da yawa, amma ta ɗora musu kayan Hausa. In ta gode wa mutum sai ta ce, "Na shesheye shi." In an hana ta kaya, "Ya meyo ni." Masu shaguna, da ake ce wa ɗayansu lawban, ita a wajenta lawbanai ne. In kalma ta ƙare mata, sai ta ci gaba da Hausa tsagwaronta, ta ɗan ƙara ƙarfin murya, kamar matsalar kunne ce. Abin da har yau ya ɗaure mini kai shi ne, kayan da take nema su ake kawo mata. Ba kullum ba, amma sau da yawa.

Ni tawa matsalar daban ce. Kafin in taho na yi wata da watanni ina koyon yaren a waya. Lafiya lau nake tafe har ranar da malamar cikin wayar ta yi bayanin cewa kowace kalma tana da murya huɗu: ka miƙe ta, ka ɗaga ta, ka lanƙwasa ta, ko ka sauke ta, kuma kowace da ma'anarta. Da murya ɗaya ka kira uwar mutum, da wata ka ce mata doki. Tun daga nan bakina ya kulle. Ina jin abin da suke faɗa, kalmar tana nan a kan harshena, amma sai in tsaya ina auna ta: wannan ɗagawa ake ko saukewa? Kafin in gama aunawa mai shago ya juya wajen wani. Ba abin da ya fi ba ni tsoro irin a yi mini dariya a gaban mutane. Sai in ciro waya in rubuta in nuna.

Gwaggo ta tsani wannan. Takan ce, "Allah ya ba ki baki kyauta, kin koma kina sa masa caji."

"Gwaggo, in na faɗa ba daidai ba fa?"

"Sai me? Harshe ba shi da ƙashi balle ya karye."

Na taɓa yi mata bayanin muryoyin nan huɗu tiryan-tiryan. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "To mu fa? Kuka ta miya da kuka na hawaye, wa ya taɓa zuba hawaye a tukunya don an ce masa a kaɗa kuka? Mai hankali ai yana duba inda aka yi maganar." Ina ganin akwai inda hujjar ta karkace, amma ban gano wajen ba.

Wata ranar Juma'a da hantsi gishirinmu ya ƙare a masauki, ga miya a wuta. Ta aike ni kantin da ke ƙasan gidan. Na zaga kantoci ban gan shi ba, wayar kuma na bar ta a sama. Na san kalmar sarai, "yan" ce. Amma na kuma san akwai wata "yan" ɗin da ba ta gishiri ba, na manta wacce ake ɗagawa. Na tsaya gaban mai kantin, ya dube ni, na dube shi, na sayi ruwan gora na dawo.

Gwaggo ta ce, "Ya sunansa?" Na gaya mata. Ta zura takalmi, na bi ta.

Tun daga bakin ƙofa ta ce, "Lawban, yan." Mutumin ya dubi hijabinta, sannan ya juya ya ciro kwalin sigari ya ajiye mata. Ta ɗauka tana jujjuyawa.

"Bilki, su a kwali suke sa shi?"

Kafin in yi magana, ta ga hoton da ke jiki. Ta ce, "A'a, yan, yan," tana lasar tafin hannunta don ya gane. Mutumin ya ce "o," ya miƙo mata abin kunna wuta. To a daidai lokacin Malam Ilu ya shigo, da farar rigarsa da carbi, zai wuce masallaci. Ga Hajiya, sigari a dama, abin kunnawa a hagu. Ya tsaya. Ya mayar da idonsa kan silin.

"Hajiya, ina kwana."

"Malam, gishiri ne."

"To. Allah shi shirye mu baki ɗai."

Ya fita bai sayi abin da ya kawo shi ba. Ni kamar in nutse. Ita kuwa ta ja hannun mai kantin har wajen da yake dumama abincinsa, ta nuna tukunya, ta murza yatsu a kai. Ya fashe da dariya, ya durƙusa ya zaro gishiri daga can ƙasan kanta, ya maimaita mata kalmar yana ɗaga hannu sama. Ta maimaita, ta sake faɗar sigari. A kan matakala ta ce mini, "Kin ga, ni na yi kuskure na dawo da gishiri. Ke kin yi daidai kin dawo da ruwa." Daga baya sai da ta je har ofishin Malam Ilu da ƙullin gishirin a jaka don ta wanke kanta. Ya ce ya yarda, amma ta ce yadda ya faɗa ɗin bai kwanta mata ba.

Sai maganar tsoho Lin. Can Shiling, garin masu ɗinka jaka, inda mukan ɗauki mota mu je, akwai wani ƙaramin kamfani da ta fi sayayya. Mai shi dattijo ne, matarsa ta daɗe da mutuwa, 'yarsa Amei ce ke riƙe da harkar. Duk zuwanmu, tun daga ƙofa Gwaggo za ta kwaɗa kira, "Lawban!" Sai in ga kunnuwan tsohon sun yi ja, masu ɗinki sun sunkuyar da kai kafaɗunsu na rawa. Shi kuma ya tashi da sauri ya share mata kujera, ya haɗa shayi a 'yan ƙananan kofunan nan nasu, ya ɓare mata lemo da hannunsa. Sauran masu saye ba wanda ake yi wa haka. Gwaggo takan ce, "Kin ga mutum mai mutunci."

Ni dai jikina ya ba ni akwai wani abu, amma ban san mene ne ba. Sai wata rana Amei ta ja ni gefe, da ɗan Turancinta, tana danne dariya. Ashe in ka lanƙwasa ƙarshen kalmar, shi ne maigidan shago. In ka sauke ta da ƙarfi, yadda muke sauke murya in muna kiran mutum daga nesa, ta zama abokin tsufa, wato mijin da kuka tsufa tare. Shekara da shekaru abin da Gwaggo ke kiran uban mutane ke nan a gaban ma'aikatansa.

A mota na gaya mata, ina rarraba ido. Ta juya tana kallon titi har muka wuce gada. Na ce a raina yau dai Gwaggo ta ji kunya.

Can ta ce, "Sauran lawbanan fa?"

"Su ma haka kike ce musu."

"Duka?"

"Duka, Gwaggo."

"Ikon Allah. Ni da na binne miji na yi takaba na ce na gama, ashe ina nan ina ɗaura aure shago-shago." Ta ƙara da cewa, "Amma kin ga duk cikinsu shi kaɗai ya san hakkin iyali. Shi ke ba da lemo."

Na koya mata yadda ake lanƙwasawa. Muka yi ta maimaitawa har direba ya shiga gyara mana. Zuwa na gaba ta tsaya a ƙofa, ta gyara murya, ta lanƙwasa wuyanta maimakon kalmar, ta sake kiran sa mijinta. Ta juyo ta ce, "Gaya wa 'yarsa ya yi haƙuri, baki ya riga ya saba." Tun daga nan ita da Amei suka ƙulle. Gwaggo ta shiga koya mata Hausa, ita kuma tana gyara wa Gwaggo Canisanci, kowacce tana ɓata na 'yar'uwarta. In suna hira ni da nake jin yarukan biyu ba na gane komai, su kuwa har tafawa suke.

Ranar da bakina ya buɗe, ba shiri na yi ba. Kun san tana da ciwon suga. Ran nan ta yi allurarta da safe, ta ce ba za ta tsaya karin kumallo ba, mota na jira. Muka isa Shiling ana zafin nan mai ɗanko da ke sa kaya su manne a jiki. Muka bi wani layi da ba mu saba shiga ba, neman masu zif da maɗauri. Direba ya ajiye mu ya tafi cin abinci. Muna cikin tafiya na ji tana magana ba kan gado, tana kira na da sunan mahaifiyata. Na duba, gumi ya jiƙa mata fuska, hannunta na karkarwa. Kafin in riƙe ta sosai ta sulale a bakin wani shago.

Na san abin da ya faru, sugan ne ya faɗi, likita ya taɓa gaya mana a ba ta abu mai zaƙi nan take. Na zazzage jakarta, ba alawa, ta rabar wa yaran masauki. Na ciro waya, ashe wayar ta mutu, ba caji. Mutane suka kewaye mu, ba baƙar fata ko ɗaya, ba mai jin Turanci. Kalmar sukari "tang" ce, wannan na sani. Wace murya? Wallahi a lokacin ko sunana aka tambaye ni sai na yi tunani.

Na dai buɗe baki na ce "tang." Suka dube ni. Na sake faɗa, na ɗaga. Na lanƙwasa. Na sauke. Na yi ta jero su ina kuka, ina nuna bakinta, duk muryar da ta zo ita nake saki. Sai wurin ya hargitse. Ashe duk huɗun kalmomi ne, kuma kowa ya kama wadda ya ji. Wata mata ta ji "kwanciya," ta sa aka jawo wani dogon benci aka shimfiɗa fatun jaka aka kwantar da ita. Wani ya ji "zafi," ya kinkimo fanka da tawul mai sanyi. Wani saurayi ya ji "miya," ya ruga wani shagon Musulmi masu sayar da taliya ya dawo da kwano yana tururi. Wata tsohuwa mai ɗinki kuwa ta shiga ciki ta fito da sukari a kofi, ta dama da ruwa. Gwaggo tana ɗan iya haɗiya, muka riƙa ba ta kaɗan-kaɗan.

A hankali idonta ya dawo daidai. Ta dubi fanka. Ta dubi fatun da take kwance a kai. Ta dubi kwanon miya, da taron mutanen da suka zuba mata ido.

"Bilki, wa ya yi odar duk wannan?"

"Ni ce, Gwaggo."

"Da waya?"

"Ta mutu."

"Da bakinki?"

Na ɗaga kai, ina share hawaye. Ta daɗe tana kallona. Na zaci wata babbar magana za ta yi. Sai ta ce, "To tambaye su, miyar nan ba alade?"

Na juya na tambaya. Sai da maganar ta fita duka sannan na lura ban auna komai ba. Saurayin ya amsa, ya nuna kansa yana kwatanta farar hular Musulmin masu shagon, ya ce naman sa ne. Wasu sun yi dariyar yadda na faɗa, na kuma ji dariyar da kunnena, ba abin da ya ragu a jikina. Gwaggo ta tashi zaune ta shanye miyar tas, ta shesheye kowa ɗaya bayan ɗaya, ta kwaɗa wa mai shagon "lawban" irin nata na miji, muka wuce asibiti aka duba ta.

A hanya ta ce, "Kalma ɗaya kika faɗa aka kawo gado da fanka da abinci da magani?"

"Kuskure na yi ta yi, Gwaggo. Ɗaya ce kawai daidai."

"Wacce?"

"Ban sani ba."

"To kar ki bincika."

Yau ni ke ciniki da bakina daga unguwar Xiaobei har Shiling. Ina kuskure kullum. Kwanan baya na so in ce wa wani jakarsa ta yi tsada, ashe cewa na yi akwai fatalwa a ciki. Muka yi dariya, ya kawo wata.

Gwaggo a Kano ta rasu, a ɗakinta, bayan 'yar gajeruwar jinya. Da na dawo nan, Malam Ilu ya ba mu ofishinsa muka zauna karɓar gaisuwa. Mutanen Kano suka zo, na Maraɗi da na Yamai suka zo. Ana cikin haka sai ga Amei, tun daga Shiling, ta yafa ɗan gyale a ka, tana riƙe da ledar lemo da babanta ya ba ta ta kawo. Ta tsaya a tsakiyar mutane. Ashe a hanya ta kira wani ɗan Kano ya koya mata abin da ake faɗa, ta taho tana maimaitawa. Ta dube ni, ta ce da Hausa, "Allah ya jiƙa ta."

Wani daga baya ya fara gyara mata, ya ce "ji ƙanta" ake cewa, wannan ai da ruwa ke nan. Malam Ilu ya ɗaga masa hannu. Ya ce, "Bar ta. Amin."

Muka ce amin gaba ɗaya, wasu na murmushi, wasu na goge ido.

To Allah ya karɓa yadda ta faɗa. Ya jiƙa kabarin Gwaggo Tasalla da ruwan rahama, ya sanyaya mata makwanci, ya yafe mata kurakuranta na baki da na zuci. Ya daidaita harshenta a wajen tambaya, ya sada ta da iyayenta a gidan Aljanna. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da kalmar shahada.